Zinari a Kwalba, Lokaci a Femtosakan: Jagorar Bincike ga Ɗalibin Digirin Farko a Kumasi

Ƙanena da ke Lebul 300 a sashen fiziks, kemistiri ko injiniyancin kayayyaki a Tek, wato jami'ar KNUST da ke Kumasi, da kai nake, kuma ƙanwata ke ma da ke nake. Lokacin zaɓen furojet ya ƙarato. Idan ka ambaci binciken ƙwayoyin nano, wato 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da ake auna girmansu da nanomita, da leza mai saurin femtosakan, za ka ji an ce wannan aikin mutanen Turai da Amurka ne, na'urar tsada gare ta. Tsadar gaskiya ce. Sai dai zama gaban lezar bai wuce kwana biyu ko uku ba a duk tsawon aikin. Sauran watannin suna tafiya ne a kan haɗa samfuri mai kyau, tace tambaya, da fassara abin da aka auna, kuma duk ukun ana yin su a nan Kumasi. Wanda ya iya su, shi ake ba lokaci a ɗakin leza.

Mataki na farko: san abin da ake aunawa

Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Femtosakan ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan sau biliyan na sakan, kuma femtosakan 1,000 su ne fikosakan ɗaya. Haske, duk saurinsa, milimita 0.3 kawai yake ci a fikosakan ɗaya. Kamara da agogon lantarki na yau da kullum ba sa bin wannan saurin, don haka da hasken kansa ake auna lokacin.

Ana raba ƙiftawar leza gida biyu. Kashi mai ƙarfi shi ne hasken zuga, wanda ke tayar da ilektiron ɗin da ke cikin samfurin. Kashi mai rauni shi ne hasken leƙe, wanda ke biyo baya ya ga abin da ya canza. A takardun bincike za ka same su da sunan pump da probe. Hasken leƙe yana bi ta madubi mai mayar da haske wanda ke kan doguwar titin ƙarfe. Idan aka matsar da madubin milimita 0.15, hasken ya ƙara tafiyar milimita 0.3 zuwa da dawowa, wato ya makara da fikosakan ɗaya. Jinkirin nanosakan ɗaya yana buƙatar titi mai santimita 15. Wannan lissafin ka haddace shi, domin a ranar kare furojet za a tambaye ka.

Ka ɗauka mai shayin Aboabo yana zuba shayi daga kofi zuwa kofi sau dubu, kullum iri ɗaya, kai kuma kowane karo hoto guda kake ɗauka, a ɗan lokaci daban bayan ya karkata hannu. Idan ka jera hotunan, ka sami fim ɗin zubar shayin. Haka dabarar take, kuma sharaɗinta a fili yake: dole samfurin ya koma yadda yake kafin ƙiftawa ta gaba. Samfurin da ke lalacewa a ƙarƙashin haske fim ɗin ƙarya zai ba ka.

Wannan fanni ba baƙo ba ne a nahiyarmu. Ahmed Zewail, ɗan Masar da ya yi aiki a Caltech, ya karɓi kyautar Nobel ta kemistiri a 1999 saboda kallon yadda ake ƙulla da warware haɗin sinadarai a ma'aunin femtosakan. Mostafa El-Sayed, shi ma ɗan Masar, yana cikin waɗanda suka fi yin aiki a kan ƙwayoyin zinarin da zan ba ka shawarar ɗauka.

Mataki na biyu: zaɓi zinari, kuma tambaya ɗaya tak

Ɗigon kwantam, wato wasu ƙwayoyin nano masu fitar da haske mai launi, irin na kadmiyam selenaid, suna da farin jini, musamman tun da Bawendi, Brus da Ekimov suka sami Nobel a 2023. Ban ba ka shawararsu ba. Kadmiyam guba ne, haɗa su yana son zafi mai yawa a wurin da aka kori iska, kuma aika su wata ƙasa ya fi wuya. Ƙwayoyin zinari a cikin ruwa ake haɗa su, suna jure watanni, alamarsu a na'ura tana da ƙarfi, kuma an san halinsu sosai, ta yadda za ka iya gane ko awonka daidai ne. Kada kalmar zinari ta tsorata ka. Kwalba ɗaya ta mililita 50 ba ta cin zinarin da ya kai miligiram 3.

Ga abin da ke faruwa cikin ƙwayar zinari idan hasken zuga ya same ta. Ilektiron ne ke fara karɓar ƙarfin, su rarraba shi a tsakaninsu cikin ɗaruruwan femtosakan, zafinsu ya hau sama ƙwarai alhali atam ɗin zinarin suna nan da sanyinsu. Daga nan sai su miƙa zafin ga jerin atam cikin fikosakan ɗaya zuwa kaɗan. A ƙarshe ƙwayar ta sauke zafin cikin ruwan da ke kewaye da ita, wanda ke ɗaukar gomomi zuwa ɗaruruwan fikosakan, gwargwadon girmanta. Akwai kuma abin da ya fi burge ni: saboda zafin ya zo farat ɗaya, ƙwayar tana kumbura tana motsewa kamar numfashi, kuma ana ganin wannan a matsayin rawa a jikin layin awo. Tsawon zagaye ɗaya na rawar yana tafiya daidai da faɗin ƙwayar. Mai nanomita 40 tana yin zagaye ɗaya cikin kimanin fikosakan 13, mai nanomita 16 kuwa kusan 5.

Daga cikin waɗannan ka ɗauki ɗaya. Misali: yaya lokacin sauke zafi ke canzawa tsakanin ƙwayoyi masu girma uku? Ko kuma: idan aka ƙara ƙarfin hasken zuga, yaya lokacin sanyayar ilektiron ke ƙaruwa? Tambayar da ba za ka iya faɗa wa supabaizanka a jimla ɗaya ba, ba ta nuna ba tukuna.

Wata magana a nan. Ɗalibai da yawa a jami'o'inmu suna son haɗa ƙwayoyin da ruwan ganye, irin su darbejiya, zogale ko ɓawon koko. Ina ganin darajar wannan aikin, kuma tambayar ko rufin da ganye ke yi wa ƙwayar yana canza saurin fitar zafi tambaya ce mai kyau ƙwarai. Amma ruwan ganye yakan haifar da ƙwayoyi masu girma da siffa barkatai, kuma idan girma ya bambanta kowace tana rawa da nata saurin, sai rawar ta dushe nan da nan. Idan ganyen kake so, dole ka haɗa na sinadarin sitiret a gefe, ta hanyar da ke mataki na uku, don a sami abin gwadawa.

Mataki na uku: haɗa ƙwayoyin

Hanyar ta samo asali daga Turkevich da abokan aikinsa a 1951, Frens ya inganta ta a 1973. Kana buƙatar gishirin zinari HAuCl4, tirisodiyam sitiret, ruwan da aka tace daga duk wani gishiri, faranti mai zafi mai jujjuya maganaɗisu, da kwalaben gilashi masu tsabta.

Tsabtar ce rabin aikin. Ana wanke gilashin da cakuɗen asid mai narkar da zinari, kashi 3 na haidirokulorik da kashi 1 na naitirik. Wannan cakuɗen yana ƙona fata, hayaƙinsa yana cutar da huhu, kuma idan aka toshe shi a kwalba yana iya fasa ta. Ba a haɗa shi sai a cikin akwatin zuƙe hayaƙi, da safar hannu da tabarau, ma'aikacin ɗakin gwaji yana tsaye. Kada ka yi shi kai kaɗai da yamma don kana sauri. Bayan nan a ɗauraye sau da yawa. Ruwan famfo da fiya wata na leda ba su da wuri a wannan aikin, domin ɗan gishirin da ke cikinsu ya isa ya dunƙule ƙwayoyin. Haka kuma kada cokalin ƙarfe ya taɓa gishirin zinarin, yana cin ƙarfe. Ka yi amfani da na gilashi ko roba, ka rufe kwalbarsa da wuri saboda yana shan raɓar iska.

Ka tafasa mililita 50 na ruwan HAuCl4 mai ƙarfin kashi 0.01 cikin ɗari, yana jujjuyawa da kyau. Da ya tafasa, ka zuba ruwan sitiret mai ƙarfin kashi 1 cikin ɗari, a zubi ɗaya. A ma'aunin Frens, mililita 1.0 yana ba da ƙwayoyi masu kimanin nanomita 16, mililita 0.75 kimanin 25, mililita 0.5 kuma kimanin 41. Ƙarancin sitiret, girman ƙwaya. Za ka ga ruwan ɗorawa mai haske ya ɓace, ruwan ya yi duhu-duhu, ya bi ta shuɗi ko shunayya, sannan ya tsaya a ja mai kyau. Ka bar shi ya ƙara tafasa kamar minti 10 zuwa 15, ka sauke ya huce yana jujjuyawa. Kada ka nemi manya ƙwarai da wannan hanyar, don suna fitowa ba zagayayyu sosai ba.

Kowane girma ka haɗa shi aƙalla sau uku, a ranaku daban. Ka rubuta komai a littafin gwaji da biro: kwanan wata, awo, minti nawa launi ya ɗauka kafin ya juya. Ka ajiye kwalaben a firji wajen digiri 4, a rufe, nesa da haske. Ɗaukewar wuta ta 'yan awoyi ba za ta kashe su ba, amma daskarewa tana kashe su nan take, don haka kada su kusanci ɓangaren ƙanƙara. Idan aikinka ya faɗo cikin hunturu, ka rufe bakin kowace kwalba ko da na minti ɗaya ne za ka juya baya, ƙurar Disamba da Janairu ba ta da wasa.

Mataki na huɗu: awon gida da gwajin kwamfuta

Na'urar UV-Vis, mai auna yawan hasken da samfuri ke zuƙa a kowane launi, ita ce idonka. A layin awon, ƙananan ƙwayoyin za su nuna tudu ɗaya wajen tsawon igiyar haske na nanomita 520, wanda ake kira filasmon, manyan kuma su ɗan matsa gaba kusa da 530. Idan tudun ya baje, ko wata kafaɗa ta fito bayan 600, ko ruwan ya koma shuɗi-shuɗi, ƙwayoyin sun dunƙule. Ka zubar a mazubin sharar sinadarai ka sake. Ka riƙa maimaita awon duk mako, don shi ne shaidar cewa samfurinka yana jure ajiya. Akwai hanyar da Haiss da abokan aikinsa suka buga a 2007 ta ƙiyasta girma daga wannan awon kaɗai. Ta isa a fara da ita, amma hoton madubin ilektiron na TEM ne ke yanke hukunci. Idan ka sami hoton, ka auna aƙalla ƙwaya 200 da manhajar ImageJ, kyauta ce, ka fitar da matsakaici da yawan bambanci.

A wannan lokacin ne kuma za ka zauna da laftof. Sanyayar ilektiron tana da sauƙaƙan lissafi mai zafi biyu, ɗaya na ilektiron ɗaya na atam, da lamba ɗaya da ke haɗa su. A zinari, wannan lambar tana tsakanin 2 da 3 sau 10 mai ƙarfin 16, a ma'aunin wat bisa mita kubik bisa kelbin. Ƙarfin riƙe zafi na ilektiron kuwa yana ƙaruwa daidai da zafinsu, shi ya sa idan aka ƙara hasken zuga suke ƙara jinkirin hucewa. Layi talatin na Python da SciPy sun isa su warware lissafin su zana maka abin da ya kamata ka gani. Ɗalibin da ya je ɗakin leza da hasashensa a takarda, ya san a awa ta farko ko abu na tafiya daidai. Masu bincike da dama suna ajiye ɗanyen awonsu a rumbun Zenodo. Ka sauko da ɗaya ka koyi sarrafa shi tun kafin naka ya zo.

Mataki na biyar: neman leza

Wannan ka fara shi da wuri, tun hutun ƙarshen Lebul 300, kuma ta hannun supabaizanka, ba a bayan idonsa ba. Ka je masa da shafi ɗaya: tambayarka, hoton kwalabenka, awon UV-Vis, da zanen hasashenka. Ka ce, Malam, ga abin da na haɗa, wa ka sani da zai iya auna mana? Malamai suna da abokan karatu a waje fiye da yadda ɗalibai ke zato.

Ƙofofin da za a ƙwanƙwasa sanannu ne. Jami'ar Cape Coast tana da cibiyar leza da zaren haske, LAFOC, kuma mutanenta sun san masu wannan fanni a nahiyar. Akwai Cibiyar Leza ta Afirka, ALC, mai mazauni a Afirka ta Kudu, wadda aikinta shi ne haɗa masu binciken leza na ƙasashen nahiyar. Jami'ar Stellenbosch tana da cibiyar binciken leza mai aikin femtosakan. ICTP da ke Trieste a Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964, tana shirya makarantar ilimin haske ga 'yan ƙasashe masu tasowa. Ƙungiyoyin Optica da SPIE kuma suna tallafa wa rassan ɗalibai.

Abin da za ka roƙa ƙarami ne: awon samfuri uku, ko da kai ba ka je ba. Tikitin jirgi da biza sun fi ƙarfin yawancinmu, amma ƙaramin kwali yana tafiya. Ka zuba kowane samfuri a kwalba biyu, ka naɗe murfin, ka rubuta abin da ke ciki a sarari, ka haɗa da kwalbar ruwan sitiret zalla. Ka roƙi su maimaita UV-Vis da isarsa. Ka nemi izinin kallon awon ta bidiyo, kuma a daidaita maganar sunaye a takardar da za a buga tun kafin a kunna na'ura.

Mataki na shida: ranar awo

Idan Allah ya sa ka je da kanka, ka sani waɗannan lezoji suna cikin aji na 4, mafi haɗari. Lezar titaniyam-safaya tana fitar da haske wajen nanomita 800, wanda ido da ƙyar yake gani, amma kaucewarsa ɗaya daga kan agogon hannu ta isa ta ƙona ƙwayar ido har abada. Ka cire agogo da zobe. Ka sa tabaran da aka yi don tsawon igiyar da ake aiki da ita. Kada ka sunkuya idonka ya zo daidai da tebur. Ƙanwata, ki soke gefen hijabi cikin rigar gwaji, kada ya ratsa hanyar haske.

Yawanci ana mayar da hasken 800 zuwa 400 da wani kiristal mai suna BBO a yi zuga da shi. Hasken leƙe kuma ana mayar da shi fari mai dukkan launuka ta hanyar tattara shi cikin farantin safaya ko kalsiyam fuloraid. Idan lezar tana ƙiftawa sau 1,000 a sakan, wata fanka mai ramuka tana tare rabin ƙiftawar zuga, sai kwamfuta ta cire awon da babu zuga daga wanda akwai. Bambancin shi ne sakamakonka.

Samfurin yana shiga siririyar kubet, wato 'yar kwalbar awo da haske ke ratsawa, mai milimita 1 ko 2, kuma zuƙar haskensa a kan tudu ta kasance tsakanin 0.3 da 0.5 ko kusa da haka. Idan ruwanka ya yi tsarwa-tsarwa, ana tattara shi da na'urar juyi a hankali. A riƙa motsa shi yayin awo.

Abubuwa uku ne ba na yafe wa ɗalibi idan ya dawo babu su. Na farko, ƙarfin zuga a rubuce: maikurowat 100 a ƙiftawa 500 cikin sakan yana nufin nanojul 200 kowace ƙiftawa, kuma idan faɗin ɗigon hasken maikuromita 300 ne, ka sami kusan maikurojul 280 a kowace santimita murabba'i. Ka tambaya ko kafin fankar aka auna ƙarfin ko bayanta, don bambancin ninki biyu ne. Na biyu, awon ruwan zalla a cikin kubet ɗin nan dai. Na uku, awo a ƙarfin zuga huɗu ko biyar, ba ɗaya ba. Da an gama, a sake UV-Vis. Idan tudun ya motsa, hasken ya gasa samfurin, kuma awon ba abin dogaro ba ne.

Mataki na bakwai: fassara

Abin da za a turo maka tebur ne mai girma: launi a gefe ɗaya, jinkiri a ɗaya gefen. Kafin komai sai ka gyara lokacin farawa. Gilashi da ruwa suna rage wa shuɗin haske sauri fiye da ja, don haka launukan ba sa isa samfurin tare, kuma tazarar tana iya kai wajen fikosakan ɗaya, daidai da abin da kake son aunawa. Awon ruwan zalla ne zai nuna maka lanƙwasar da za ka miƙe. Shi ne kuma zai nuna maka tartsatsin da ke fitowa daidai lokacin da haskoki biyu suka haɗu, wanda ba na zinari ba ne.

Bayan gyara, za ka ga rami wajen 520 da ƙananan tuddai biyu a gefensa. Dalilin shi ne zafin ilektiron yana baje tudun filasmon, ya rage tsayinsa a tsakiya ya ƙara a gefuna. Ka bi zurfin ramin cikin lokaci: faɗuwa mai sauri, sannan doguwar jela. Ka daidaita su da lissafin raguwa guda biyu, tare da la'akari da faɗin ƙiftawar na'urar. Manhajar Glotaran kyauta ce, kuma tana daidaita dukkan launuka a lokaci ɗaya. Za ka ji sha'awar ƙara raguwa ta uku da ta huɗu don layin ya kwanta luf. Ka dubi ragowar bambanci tsakanin awo da lissafi. Idan hayaniya ce kawai babu siffa, ka tsaya nan. Duk lambar da ba za ka iya faɗin abin da take nufi cikin ƙwayar ba, ba ta da gurbi a furojet ɗinka.

Sai ka zana lokacin faɗuwa mai sauri a kan ƙarfin zuga. A ƙananan ƙarfi layin kusan miƙaƙƙe ne, kuma inda ya yanke a ƙarfin sifili shi ne ainihin lokacin miƙa zafi daga ilektiron zuwa atam, wanda a zinari yake ɗan ƙasa da fikosakan ɗaya. Ayyukan Link da El-Sayed, da na ɗakin Hartland, a ƙarshen shekarun 1990 sun nuna cewa a irin girman da kake aiki da shi wannan lokacin kusan bai damu da girma ba. Saboda haka idan ƙwayoyinka uku suka ba da lamba ɗaya, kada ka ɗauka aikin ya faɗi, sakamakon ke nan. Doguwar jelar ce za ta bambanta, ta fi tsawo a manyan. Rawar numfashi kuma ta fi fitowa a gefen ramin, ba a tsakiyarsa ba, don haka ka duba launukan da ke ɗan gaba da tudun kafin ka ce babu ita.

Kowace lamba ka ba ta iyakar kuskurenta, kuma ka fitar da iyakar daga maimaicin haɗi uku da ka yi, ba daga abin da manhaja ta buga kaɗai ba, domin manhaja takan rage kuskuren. A babin hanyoyin aiki ka rubuta sunan ɗakin da ya yi awon, tsawon igiyar zuga, faɗin ƙiftawa, kaurin kubet, da kwana nawa samfurin ya yi tsakanin haɗawa da aunawa. Ɗanyen awon kuma ka ajiye shi wuri uku, ɗaya a intanet, ka ba supabaizanka kwafi tare da lambobin Python ɗinka da ragowar kwalaben, don ɗalibin da zai ɗauki furojet ɗin baɗi ya ci gaba da na ganyen.